Ranar Da Aka Yi Wa Ɗan Ƙanwata Dariya A Bakin Gulbi

A ranin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur, na raka ɗan ƙanwata wani ƙauye da ke bakin fadama, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, domin ya yi wa manoma da masunta jawabi. Yaron ya karanta kimiyyar muhalli a jami'a, ya kuma samu aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta, irin waɗanda kuɗin tafiyar da su ke zuwa daga ƙetare. Ni kuwa tsohon malamin labarin ƙasa ne, na yi ritaya ina zaune a unguwar Nasarawa, ba ni da aikin da ya wuce leƙa 'yar gonar shinkafar da muka gada da zaman majalisa bayan La'asar. Ya same ni ya ce, "Kawu, ka zo mu je tare, in sun ga furfurarka za su saurare ni." Na shirya muka tafi a motar ƙungiyarsu, wata doguwar mota fara mai sanyi a ciki.

Farkon jawabin ba laifi. Ya tuna musu ambaliyar 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa tun daga Argungu har Bagudo da Yawuri tun kafin a kai ga girbi, kowa ya gyaɗa kai, don babu wanda bai yi asara ba a cikin waɗanda ke zaune a wurin. Ya yi maganar yadda damina ta rikice, ruwa ya makara sannan ya sauko gaba ɗaya, suka ce haka yake. Daga nan sai ya zaro wata takarda da aka ba shi daga ofis, muryarsa ta sauya. Ya ce man fetur la'ana ne, duk ƙasar da ya ɓulla a cikinta ta halaka. Ya ce ana shirin neman mai a yankin Sakkwato da Kebbi, kuma in aka bari aka haƙa, shekara goma ba za ta cika ba sai an nemi kifi an rasa a Matan Fada. Maganin abin, in ji shi, a bar man a ƙarƙashin ƙasa inda Allah Ya ajiye shi.

Wani dattijo masunci, wanda tun ɗazu yake gyaran komarsa bai ɗaga kai ba, ya yi gyaran murya ya ce, "Malam ƙarami, ina da tambaya. Wannan motar da ta kawo ku, kunu take sha?" Wurin ya ɓarke da dariya. Kafin ta lafa wani manomi ya ce shi litar man da yake zuba wa injin ban-ruwa bara bai kai naira 200 yake saye ba, bana ta haura 600, ya rage rabin gonar da yake nomawa, in kuwa za a samu mai a bayan gidansa to gobe ma a zo a haƙa. Wani saurayi daga baya ya ɗaga murya ya ce ai an san irinsu, Turawa ne ke biyansu don kada Arewa ta samu abin da Kudu ta samu. Taron bai sake haɗuwa ba. Aka sha lemo, aka sa hannu a takardar halarta, aka watse.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne ni ma na yi murmushi lokacin da dattijon ya yi tambayarsa, kuma yaron ya gani. Har muka wuce Ambursa bai ce mini uffan ba. Sai bayan Isha'i, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ya ce, "Kawu, ƙarya na faɗa musu?" Na ce masa rabin abin da ya faɗa gaskiya ne, rabin kuma duba ne, kuma masunci ba ya sayen duba a hannun yaro. Tun daga ranar nake juya maganar a raina, domin amsar da na ba shi ta yi mini sauƙi da yawa, ta bar ni a gefen masu dariya.

Sai dai in faɗa tun da wuri cewa masu dariyar suna da hujja. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da abin da ya kai kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ƙasashen da suka yi arziki da kwal da mai na tsawon ƙarni biyu su ne suka fara cewa bankunansu za su daina ba da rance ga ayyukan mai da iskar gas a ƙasashe irin namu, abin da Farfesa Yemi Osinbajo ya yi ta sukarsa lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, shugabannin Turai ɗin nan suka bazu a Aljeriya da Senegal da sauran wurare suna neman gas, Jamus kuma ta sake kunna tashoshin kwal da ta ajiye. A wannan shekarar ce wasu matasa biyu suka watsa miyar tumatir a kan wani shahararren zane a gidan adana zane-zane na Landan don a daina haƙar mai, hotunansu suka iso wayoyin yaranmu. Manomin da ke auna man injinsa da kwalba, in aka nuna masa wannan a matsayin fafutukar kare muhalli, ba zan ga laifinsa ba in ya ɗauka wasan ƙoshi ne.

Na kuma ba yaron labarin abin da zuzuta magana ke jawowa. A 1995 kamfanin Shell ya so ya nutsar da wata tsohuwar ma'ajiyar mai da ake kira Brent Spar a cikin teku, can arewacin Biritaniya. Ƙungiyar Greenpeace ta hau kanta ta zauna, jama'a a Jamus suka ƙaurace wa gidajen man kamfanin, har ya janye a watan Yuni. A cikin zafin gwagwarmayar ƙungiyar ta ce akwai sama da tan 5,000 na mai a cikin ma'ajiyar. Ashe awon nasu ne ya kuskure. Masu bincike masu zaman kansu sun tarar bai wuce kimanin tan 100 ba. A watan Satumba ƙungiyar ta nemi gafarar kamfanin a rubuce. Hujjarsu ta asali, cewa teku ba juji ba ne, tana nan daram, har ƙasashen yankin suka hana irin wannan nutsarwa bayan shekara uku. Amma har yau, duk wanda yake son ya rufe bakin mai kare muhalli a Turai, wannan adadin yake jawowa.

Ni kaina ina da nawa Brent Spar ɗin. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina gaya wa ɗalibai cewa Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari kuma yana kan hanyar ɓacewa. Gaskiya ne tafkin ya yi mummunar raguwa a farin shekarun 1970 da 1980, daga faɗin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Abin da ban faɗa ba, domin ban bincika ba, shi ne hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna tun daga shekarun 1990 ruwan ya daina ja da baya, har ya ɗan farfaɗo, yana cika yana raguwa gwargwadon damina. Na ɗauki adadin wata shekara ta fari na mayar da shi hukuncin dindindin, saboda ya fi daɗin faɗa, ya fi sa yara su yi shiru. Ɗaya daga cikin ɗaliban nan, wanda aiki ya kai shi Borno, shi ya dawo ya gyara mini a majalisa, gaban mutane. Ban ji daɗi ba, amma da gaskiyarsa.

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanwata a daren, yana saurare. Abin da ban faɗa masa ba sai daga baya, domin kunya, shi ne inda nake ranar 10 ga Nuwamba, 1995.

Ina ɗakin malamai a wata makarantar sakandare lokacin da labari ya zo a rediyo cewa an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal. Mun san sunansa tun shekarun 1980 saboda wasan barkwancinsa na talabijin, Basi and Company. Mun kuma san shi ne ke jagorantar ƙungiyar MOSOP ta mutanen Ogoni, wadda ta tilasta wa Shell dakatar da haƙa a ƙasarsu a 1993. Abin da muka fi riƙewa game da shi shi ne kaifin bakinsa. Mutumin da ya sa kalmar kisan ƙare-dangi a sunan littafinsa na 1992, alhali ba mu ga an yi yaƙi a Ogoni ba, sai muka yanke cewa mai ƙarin gishiri ne, mai neman suna a wurin Turawa. An tuhume su da hannu a kisan wasu shugabannin Ogoni huɗu a 1994, kotun musamman da gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa ta yanke musu hukunci, babu damar ɗaukaka ƙara. Daga baya wasu daga cikin shaidun suka ce saye su aka yi. A ɗakin malamai ranar nan wani ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, muka yi dariya, muka koma gyaran jarrabawa. Da aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, fushi muka yi da su, muka ce ga hujja nan ta fito cewa ɗan koren Turawa ne.

Shekara goma sha shida bayan haka, a watan Agusta na 2011, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni. Sun shafe sama da shekara suna aiki, sun duba wurare fiye da 200, sun gwada samfurin ƙasa da ruwa sama da 4,000. A wani gari da ake kira Nisisioken Ogale sun tarar mutane na shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A ƙarƙashin ƙasa sun samu mai kaurin santimita takwas yana yawo a kan ruwan da rijiyoyin ke ja. Suka ce gyaran wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Na karanta taƙaitaccen rahoton a jarida ina zaune a nan Nasarawa, randar ruwan sha tana gefena, na kasa ɗaga ido in dube ta. Har yanzu ina ganin kalmar da Saro-Wiwa ya zaɓa ta fi ƙarfin abin da zan iya sa wa hannu. Amma ruwan da ya ce an lalata, an lalata shi, kuma yara sun ci gaba da shansa duk tsawon shekarun da muke muhawara kan ladabin bakinsa. A ranar 12 ga Yuni, 2025, Shugaba Tinubu ya yi wa su taran afuwa tare da lambar girma. Danginsu da magoya bayansu suka ce afuwa ta mai laifi ce, su wankewa suke nema.

Akwai wani abu a tarihin rahoton nan da ya kamata saurayin da ya yi maganar kuɗin Turawa ya ji. Kamfanin man ne ya biya kuɗin binciken. Saboda haka tun kafin ya fito, masu fafutuka suka yi ta cewa an saye shi, wanke kamfani zai yi. Da ya fito sai ya zama babban makamin da suke da shi har yau. Tambayar wa ya biya tambaya ce mai kyau, ni ma ina yinta, amma ba ta isa ta yanke hukunci ba. Sai an je an ɗebo ruwan an gwada. Mu nan Arewa maso Yamma mun ga haka da idonmu a 2010, lokacin da yara ke ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, ana cewa zazzaɓi ne ko iska. Likitocin ƙungiyar MSF, baƙi masu kuɗin ƙetare, su ne suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, aka gwada jini aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. Da an kore su da cewa 'yan kwangila ne, da adadin bai tsaya nan ba.

Sannan abin da ke ba ni mamaki da mu shi ne ma'aunin da muke auna baki da shi ba ɗaya ba ne. A garin Bodo na Ogoni bututu ya fashe sau biyu a 2008, mai ya yi makonni yana malala cikin ruwan da masunta ke ci daga gare shi. Kamfanin ya ce abin da ya zube bai wuce ganga 4,000 ba. Sai da masunta sama da 15,000 suka kai ƙara Landan sannan ya amsa cewa adadin ya fi haka, ya biya fam miliyan 55 a farkon 2015. Wasu manoma kuma suka shafe shekara goma sha uku a kotunan Holan kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2021, kuma wata ƙungiyar kare muhalli ta can ce ta tsaya musu. Greenpeace ta ƙara a lissafi sau ɗaya, ta nemi gafara cikin wata uku, ana goranta mata har gobe. Kamfani ya rage a lissafi, ya yi shekaru yana musu, ba wanda ya ce daga yau an daina yarda da kamfanonin mai.

Mu dawo gida. A watan Nuwamba na 2022 Shugaba Buhari ya je Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da haƙar mai ta farko a Arewa. Aka ambaci ganga sama da biliyan ɗaya, aka ambaci matatar mai da tashar lantarki da kamfanin taki. Mun yi murna, ni ma na yi. A majalisarmu har wani ya ce daga yau an daina kiranmu cima-zaune. Shekaru sun shuɗe, talaka bai ga ko kwalba ɗaya ta man Kolmani ba. Wannan ma ai duba ne, irin wanda ɗan ƙanwata ya yi, sai dai shi na alheri ne, kuma manya ne suka yi shi, don haka ba wanda ya tambaye su ko motarsu kunu take sha. Manomin da ya ce a zo a haƙa a bayan gidansa don mai ya yi araha, da zai tambayi mutumin Bayelsa, inda aka fara samun mai a Oloibiri tun 1956, da ya ji cewa shi ma a gidan mai yake saye, wani lokaci ma da tsada fiye da tamu in yana cikin ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu mutanen wannan kwari ba baƙin irin wannan labari ba ne, mun dai manta ne. Ina ɗalibi a kwalejin horon malamai lokacin da aka yi abin Bakolori. An gama madatsar a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, da alkawarin noman zamani da alkama da arziki. Manoman da aka tasa daga gonakinsu suka yi ta jiran diyya, da suka gaji suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta amsa mutuwar mutum ashirin da 'yan kai. Mutanen yankin da wasu malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da suka bi diddigi suka ce ɗaruruwa ne. Ina tune da yadda ake kiran malaman nan a lokacin: 'yan gurguzu, masu zuga talakawa, masu ƙarin gishiri. Bincike ya kuma nuna daga baya cewa ƙauyukan da ke ƙasan madatsar sun yi asarar ambaliyar da ke shayar da fadamunsu kowace shekara, shinkafa da kifi suka ragu. Su waɗannan na ƙasa ba su cikin lissafin kowa tun farko, domin ba wanda ya rubuta abin da suke samu kafin a datse ruwan. Bakolori ba mai ba ne, amma yadda aka yi da bakin masu kuka iri ɗaya ne da na Ogoni, kuma da Hausa aka yi kukan.

To me ke ƙarƙashinmu? Masana ƙasa suna kiran yankinmu kwarmin Sakkwato, ɓangare ne na wani babban kwarmi da ya ratsa Nijar har Mali, kuma yana cikin wuraren da kamfanin mai na ƙasa ya daɗe yana cewa zai nemi mai a cikinsu. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin ɗari na wani kaso na ribar kamfanin domin irin wannan nema. Shimfiɗun duwatsun kwarmin sunayen garuruwanmu suke ɗauke da su: Gwandu, Kalambaina, Dange, Wurno, Illo. Na sha rubuta su a allo. Shimfiɗar Gwandu yashi ce mai riƙe ruwa, ita ce ke shayar da rijiyoyin burtsatse da yawa a Birnin Kebbi da Argungu. A fadama kuwa ruwan yana kusa ƙwarai, 'yan mitoci kaɗan manomi ke nutsa bututu ya ɗora inji. Wannan kusancin shi ne ya sa aka zaɓi Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a 2015, shi ya kawo injinan casar shinkafa Argungu da Birnin Kebbi. Kuma shi ne rauninmu, domin abin da ya zube a saman fadama ba shi da nisan tafiya kafin ya isa ruwan sha.

Ba sai an haƙa rijiya a Kebbi ba ma kafin maganar ta shafe mu. Bututun da ke ɗauko ɗanyen man Nijar daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara aiki a 2024, kuma ta wajen Gaya ya tsallake Kogin Kwara. Gaya kuwa ɗan Kamba na zuwa kasuwarta ya dawo a wuni guda. Ruwan da ya wuce Gaya, mu yake fara tararwa a Najeriya: Dole-Kaina, Lolo, ƙasar Bagudo, Yawuri, har Kainji. A watan Yuni na wannan shekarar ta 2024 'yan tawaye suka fasa bututun can cikin hamada, mai ya malala a kan rairayi. A Chadi kuwa gwamnati ta taɓa dakatar da kamfanin man ƙasar Sin a 2013 saboda zubar da ɗanyen mai a ramuka, ƙarshe ya biya dala miliyan 400. Ban kawo waɗannan don in ce gobe za a wayi gari Kwara ta yi baƙi ba. In na ce haka na koma gidan jiya. Na kawo su ne domin su abubuwa ne da suka faru, masu kwanan wata, a ƙasa irin tamu, kuma da su ɗan ƙanwata ya buɗe baki a bakin gulbi maimakon shekara goman da ya ƙirƙiro, da dattijon nan ya ajiye komarsa.

Ni ban ce a bar mai a ƙasa ba. Jihar da matasanta ke tafiya ci-rani kowace shekara ba ta da bakin da za ta ƙi arziki, kuma ban yarda wanda ya ƙoshi ya yanka wa mai yunwa azumi ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a zo da injinan haƙa, a tarar mun riga mun kashe duk bakin da zai iya yi mana magana, wasu da dariyarmu, wasu da zuzutawarsu. Dokar ƙasa tun 1992 ta wajabta a yi nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton kwana 21 na aiki domin jama'a su duba su yi ƙorafi. Rahoton da Turanci yake zuwa, shafi ɗaruruwa, a ajiye shi a wani ofis. Wa zai karanta wa masuncin Matan Fada shi, in ba irin yaron da aka yi wa dariya ba? Kuma in ya karanta ya ce akwai matsala a shafi kaza, wa zai yarda da shi, in an riga an san shi da duba? Haka nan in ɓarna ta auku aka je kotu, tambayar farko ita ce yaya ruwan yake kafin a zo. Wannan tambayar ce ta wahalar da mutanen Neja Delta, ita ta bar mutanen ƙasan Bakolori hannu rabbana.

Da damina ta wuce aka koma noman rani, yaron ya sake zuwa ya ce in raka shi ƙauyen nan. Na ce da sharaɗi: ba farar mota, ba takardar ofis. Muka hau motar haya zuwa bakin hanya, muka ƙarasa a kan babur, da kwalabe goma sha biyu da ya wanke da kuma babban littafin rubutu mai bangon kwali, irin wanda muke rajistar ɗalibai da shi a da. Bai yi jawabi ba. Ya gaida mai gari ya nemi izinin ɗiban ruwa a rijiyoyi huɗu da burtsatse biyu da bakin gulbi, ya rubuta kwanan wata da zurfin kowace rijiya da sunan unguwar da take. Ya ce zai kai ɗakin gwaji a wata jami'a, in sakamako ya fito zai kawo kwafi a ajiye a hannun mai gari da liman, ko ya nuna ruwan lafiya lau yake. Wani ya tambaye shi ko an samu man ne. Ya ce bai ji an samu ba, kuma in ya ji ba zai ɓoye musu ba. Na lura wasu daga cikin manoman sun koma injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Ba wa'azin kowa ya sa su ba, tsadar lita ce.

Dattijon nan yana inda muka bar shi, a gindin bishiya ɗaya. Ya daɗe yana kallon yaron yana liƙa takarda a jikin kwalabe, sannan ya ce, "Malam ƙarami, yau ba ka zo da la'anar ba?" Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, yau tambaya na zo yi. Waɗanne irin kifaye kuke kamawa a nan kuna samari, waɗanda yanzu ba ku gani?" Tsohon ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Can ya fara lissafi, yana naɗe yatsu: wanda ya yi ƙaranci tun bayan da aka datse gulbi daga sama, wanda sai shekarar babban ruwa ake ganinsa, girman giwan ruwan da mahaifinsa ya taɓa fitarwa da mutum nawa suka ɗauke ta. Ya faɗi watan da ruwa ke isowa a da, da yadda yanzu yake zuwa ba sallama. Wasu sunayen ni kaina ban taɓa jinsu ba, ga shi a bakin gulbin nan aka haife ni. Yaron yana rubutawa, tsohon yana leƙa littafin ko da yake ba ya karatun boko, yana cewa a karanta masa abin da aka rubuta. Sau biyu ya sa aka goge aka gyara. Da La'asar ta yi mun cika shafi bakwai, ya ce mu dawo ranar da ba kasuwa, akwai wani yayansa a ƙauyen gaba da ya fi shi riƙe shekaru.